Moocher, scrounger, skiver: daga ina Turawa suka samo sunayen ci-ma-zaune?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a wani gari a arewacin Ingila, mu huɗu ne a gida ɗaya. Akwai wani abokin zamanmu da kullum sai ya buɗe firij ya ci abin mutane, kuma ba ya taɓa sayen komai. Sauran suna ce masa moocher, wani lokaci scrounger, ranar da ya ƙi zuwa aiki kuma suka ce yana skiving. Na duba ƙamus, abin da nake gani kawai malalaci ko mai roƙo. Shin duk abu ɗaya ne? Daga ina kalmomin suka fito? Kuma wacce zan iya faɗa ba tare da na zagi mutum ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya. Abin da kake son sani shi ne ko waɗannan kalmomi nauyinsu ɗaya, ina tushensu, kuma wacce ce za ta fita daga bakinka ba ta jawo maka rigima ba. Na ji daɗin tambayar, don darasi ne da ba a koyar da shi a aji, alhali shi ne mutum yake fara cin karo da shi idan ya zauna da masu harshen.

Da farko, ba abu ɗaya ba ne. Laifi biyu ake magana a kai, kuma mu ma mun raba su. Akwai ƙin aiki, wato halin raggo da mai zaman kashe wando. Akwai kuma cin na wani, wato halin ci-ma-zaune da ɗan maula. Mutum yana iya zama mai himma a wurin aiki amma bai taɓa sayen ko sukari a gida ba, wani kuma ya wuni a kwance amma ba ya taɓa abin kowa. Skiving na ɓangaren farko ne. Moocher da scrounger na ɓangare na biyu ne. Abokin zamanku ya haɗa duka biyun ne, shi ya sa kake jin kalmomin a jere kamar ma'anarsu ɗaya.

Waɗanda suka fito daga bariki

Abin da zai ba ka mamaki shi ne da yawa daga cikin kalmomin gudun aiki a Turanci bakin soja ne ya yaɗa su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bariki wuri ne da ake tara dubban samari daga garuruwa daban-daban, kowa da karin harshen garinsu, a ɗora musu aikin da ba su zaɓa ba: haƙa rami, share fili, gadi cikin sanyi. Duk wanda ya zame, nauyinsa a kan na kusa da shi zai faɗa. Dole a samar masa suna. Idan yaƙi ya ƙare kuma, kowa ya koma garinsu da kalmar a baki.

Skive da ka ji ta bazu ne tsakanin sojojin Birtaniya a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918. Yawancin masu nazarin asalin kalmomi suna danganta ta da esquiver ta Faransanci, wato kaucewa ko zillewa, kuma hakan ya yi daidai da hankali tunda a ƙasar Faransa sojojin suka yi shekaru suna zaune a ramuka. Har yau ma'anarta ba ta sauya ba: ka zille wa aikin da ke kanka, ko ka gudu daga makaranta. A Birtaniya aka fi jin ta. Ba'amurke da wuya ya gane ta.

Scrounge ma a wannan yaƙin ta yi suna, daga wata tsohuwar kalmar karkara mai nufin ɗauke abu a ɓoye. Amma ka lura da wani abu a nan, don shi ne zuciyar amsar da zan ba ka. A bakin soja, iya scrounging ba abin kunya ba ne. Wanda zai fita da dare ya dawo wa abokansa da itacen wuta, ko gwangwanin nama, ko busasshiyar safa, shi ne gwarzon rukuninsu. Wayo ne na tsira. Sai daga baya, bayan an bar fagen yaƙi, kalmar ta koma zagi, kuma zan zo kan yadda hakan ya faru.

A Amurka labarin ya girmi wannan. Lokacin yaƙin basasarsu, a ƙarshen 1864, Janar William Sherman ya ratsa jihar Jojiya da rundunarsa daga Atlanta zuwa Savannah, yana ciyar da su da abin da suka samu a hanya. Sojojin da ke bazuwa cikin gonaki suna kwashe kaji da aladu da masara, su aka riƙa kira bummers. Kalmar ta riga yaƙin da 'yan shekaru, kuma ana ganin baƙin haure daga Jamus ne suka shigo da ita, domin a Jamusanci Bummler shi ne mai yawon banza. Daga nan aka gajarta ta koma bum. Amurkawa har sun bambanta matakan mutanen hanya: hobo yana yawo yana neman aiki, tramp yana yawo ba ya aiki, shi kuwa bum ba yawon ba aikin. Deadbeat ma a wannan zamanin ta yi ƙarfi a bakin soja, kafin ta koma sunan wanda ba ya biyan bashi.

Slacker kuwa nauyinta ya taɓa kai mutum ga kamu. Bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 ta kafa dokar tilasta wa samari rajistar soja, duk wanda ya ƙi sai a kira shi da wannan suna. A watan Satumban 1918 an yi samame na kwanaki a New York, aka tsare dubun-dubatar maza a tashoshin jirgi da gidajen kallo da kan titi ana tambayarsu katin rajista, kuma mafi yawansu daga baya aka gano ba su da laifi. Yau kalmar ta yi laushi ƙwarai, tun da aka maƙala ta wa matasan shekarun 1990 marasa zafin nema.

Akwai wadda nake so saboda labarinta, goldbrick. A ƙarni na 19 'yan damfara a Amurka kan sami dunƙulen dalma ko tagulla su shafe shi da ruwan zinare, su sayar wa mai kwaɗayi a matsayin sandar zinare. Sojoji suka ɗauki sunan suka ba wa wanda a ido kamar yana aiki, a ciki kuwa babu komai. Tsofaffi ne suka fi faɗinta yanzu.

Masu cin na wani

Mooch tsohuwa ce ƙwarai, tana nan tun ƙarni na 15, kuma ana danganta ta da wata kalmar tsohon Faransanci mai nufin ɓuya ko laɓewa. Ma'anar rayuwa a kan aljihun wani sai a ƙarni na 19 ta fito fili, kuma Amurkawa ne suka fi riƙe ta da wannan fuska. A nan akwai tarko gare ka da kake Ingila. Idan Baturen Ingila ya ce zai je ya yi mooch a kasuwa ko cikin gari, ba roƙo zai je ba. Zagayawa zai yi yana kalle-kalle ba tare da wata manufa ba. Kalma ɗaya, a wani baki shan iska, a wani baki maula.

Cadge ita ce mafi sauƙin hali a cikinsu, kuma asalinta sana'a ce ta halal. A arewacin Ingila da Sikotilan, cadger shi ne mai bin ƙauyuka da dokin kaya yana sayen ƙwai da man shanu da kaji ya kai gari, kamar dai masu bin kasuwannin ƙauye a wajenmu suna tara ƙwan zabi su kawo birni. To mai yawo gida-gida ba ya rasa neman ruwan sha, ko wurin kwana, ko ragi. A hankali sunan ya zame daga fatauci ya koma roƙon ƙananan abubuwa. Yau cadge a lift na nufin ka roƙi a rage maka hanya.

Sponge soso ne, kuma tun ƙarni na 17 ake kiran mai tsotse dukiyar wani da shi. Ta fi dacewa da abin da ya daɗe: ƙaton da ya kai shekara talatin yana zaune a kan iyayensa, ko wanda ya maƙale wa mace mai albashi. Leech matsattsaku ne, ba sai an yi bayani ba. Parasite kuma, wadda ɗalibai suka sani a darasin kimiyya, da mutum ta fara kafin ƙwaro. A Girkanci ma'anarta mai ci a gefen abincin wani, kuma a wasannin barkwancin Girkawa da Rumawa akwai ɗan wasa na musamman da aikinsa ke nan, ya yi wa mai kuɗi daɗin baki don a kira shi cin abinci. Masana kimiyya ne suka aro sunan daga baya suka ba wa tsutsar ciki da kaska. Waɗanda suka yi karatun Larabci za su tuna da ɗufaili, wanda aka ce ya samo suna daga wani mutumin Kufa mai zuwa walima ba gayyata.

Freeloader sabuwa ce idan aka kwatanta da waɗannan, ta Amurka ce, ta wajajen shekarun 1930. Tana da kyau a karanta ta tare da wata al'ada ta mashayun Amurka a ƙarni na 19, inda ake ajiye abincin rana kyauta ga duk wanda ya sayi abin sha. Abincin kan kasance mai gishiri don ƙishirwa ta sa a ƙara saye. Mai mashaya ya san lissafinsa, kuma babban abokin gabarsa shi ne wanda zai cika ciki ya sayi kofi ɗaya ko ya sulale. Daga wannan al'ada ce maganarsu ta cewa babu abincin rana na kyauta ta samo asali.

Sauran zan ratsa su da sauri. Ligger ta Birtaniya ce, ta yi tashe a shekarun 1970 ga masu bin bukukuwan mawaƙa don ci da sha kyauta. Schnorrer daga Yahudawan Turai ta shigo Turancin New York, mai roƙo ne da gadara kamar yana bin ka bashi. Dosser ta fito daga gidajen kwana masu arha na Landan a zamanin Sarauniya Victoria, inda talaka ke biyan kwabo huɗu ya sami gado na dare ɗaya. Bludger ta Ostireliya da New Zealand ce, kuma asalinta mummuna ne, kawali mai ɗauke da kulki. Couch potato kuma wasa ce da aka ƙirƙira a Kalifoniya a shekarun 1970 ga mai wuni a gaban talabijin, ba ta da dafi ko kaɗan.

Me ya sa wasu suke da dafi haka

Yawan waɗannan kalmomi ba haɗari ba ne. Ingila ta shafe ƙarnoni tana ƙoƙarin raba talakawa gida biyu, wanda ya cancanci taimako da wanda bai cancanta ba. Bayan annobar da ta kashe wani babban kaso na jama'ar ƙasar, ma'aikata suka yi ƙaranci, sai a 1349 aka kafa doka da ta hana ba da sadaka ga mabaraci mai lafiyar jiki, har da barazanar ɗauri ga mai bayarwa. Ka tsaya ka auna wannan da kunnen Bahaushe: mai ba da sadaka ne ake yi wa barazana. A 1547 aka yi wata doka da ta ce a yi wa mai yawon banza lalas da harafin V a jiki a bautar da shi shekara biyu, ko da yake ba ta daɗe ba aka soke ta. A 1834 aka tsaurara tsarin gidajen aikin dole da ake tsugunar da talakawa masu neman taimako, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya, kuma da gangan aka mai da zaman ciki ya fi rayuwar mafi ƙasƙancin lebura wuya don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Dokar masu yawon banza ta 1824, wadda aka yi lokacin da tsofaffin sojojin yaƙin Napoleon suka cika tituna, ita ce ta jera mutane a matsayin marasa aikin yi da 'yan iska da 'yan gararamba. Irin wannan lafazi ya biyo Turawan mulki har cikin kundin dokokin laifuka na Najeriya.

Da aka kafa tsarin tallafin gwamnati bayan 1945, tsohuwar tuhumar ba ta mutu ba, sabon gida ta samu. Daga shekarun 1970 jaridun Birtaniya masu manyan kanun labarai suka kama scrounger suka liƙa wa masu karɓar kuɗin tallafi. A daidai wannan lokaci Ostireliya ta haifi "dole bludger" da ma'ana guda, inda "dole" a Turanci ke nufin kuɗin tallafin marasa aiki. A 2012 ministan kuɗin Birtaniya, George Osborne, ya yi jawabi a taron jam'iyyarsa inda ya zana hoton ma'aikacin da ke fita da duhun asuba yana kallon tagar maƙwabcinsa a rufe, yana barci a kan kuɗin tallafi. A wannan zangon aka riƙa jin strivers da skivers a bakin 'yan siyasa, masu fafutuka da masu zillewa. A Amurka kuma deadbeat ta shiga har cikin sunan wata dokar tarayya ta 1998 a kan iyayen da ke gudun biyan kuɗin ciyar da 'ya'yansu.

Shi ya sa nake gaya maka da gaske, ka yi hattara da scrounger. A garin da kake, musamman arewacin Ingila inda aka rufe ma'adinan kwal da masana'antu a shekarun 1980 mutane da yawa suka rasa aiki ba da son ransu ba, kalmar tana taɓa tsohon miki. Wanda ka faɗa wa zai iya jin ba shi kaɗai ka zaga ba, har da mahaifinsa. A ganina zalunci ne ma yadda ake amfani da ita, domin tana haɗa mai ha'inci da marar lafiya da wanda kamfaninsa ya rushe a suna ɗaya.

To wacce za ka faɗa?

Ga ƙa'idar da nake ba ɗalibaina, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba: aikatau mai sauƙi ne, suna mai nauyi ne. Idan ka ce wa abokin zamanka "Can I scrounge some milk?" ka yi magana mai daɗi, har da ɗan ƙasƙantar da kai, kamar ka ce ɗan sam mini madara. Haka cadge a lift, haka "I skived off this afternoon" idan kana ba da labarin kanka. Amma da zarar ka ɗauki kalmar ka mai da ita suna ka ɗora wa wani, ka ce shi scrounger ne ko sponger ne, ka bar maganar abin da ya yi yau ka koma yanke hukunci a kan halinsa gaba ɗaya. Mu ma haka ne, "ya ci mini abinci" daban, "ci-ma-zaune ne" daban.

A aji nakan rubuta jimloli biyu a allo, ɗaya da aikatau ɗaya da suna, in ce ɗalibai su nuna wadda za su iya faɗa wa yayansu. Kusan kullum sai su ce duk ɗaya ne, tunda ƙamus fassara ɗaya ya ba su. Sai na sa ɗaya ya tashi ya kalli ɗan'uwansa ido cikin ido ya faɗi ta biyun, nan take ajin kan yi tsit, shi kansa mai faɗin muryarsa kan sauka. Kunne yana gane abin da ƙamus bai rubuta ba.

Idan ka jera su daga mai sauƙi zuwa mai zafi a kunnen Baturen Ingila, cadge ce a ƙasa, sai skiver wadda abokai ke jifan juna da ita cikin raha, sai moocher da freeloader a tsakiya, sai sponger da scrounger, sannan leech da parasite waɗanda ba a faɗinsu sai an shirya ɓata zumunci. Bum kuwa ka bar wa Amurkawa. A Ingila akwai wata bum daban mai nufin mazaunai, kuma baƙo da ya faɗe ta ba a wurinta ba dariya za a yi masa.

Game da abokin zaman naku, shawarata kada ka shiga sahun masu ba shi suna, ko da kana jin sauran suna yi. Su 'yan gida ne, sun san iyakar da raha ke tsayawa, kuma akwai muryar da ake faɗin kalmar da ita wadda baƙo ba ya kamawa da wuri. Ka faɗi abin da ya faru kawai: madarata ce ka sha, don Allah ka sayo wata. Wannan a wurinsu ba rashin kunya ba ne, shi ne daidai.

Akwai kuma gefen da ya shafe ka kai kanka, wanda na fi damuwa da shi. Mun taso a inda idan ka tarar ana cin abinci za a ce maka bismillah, kuma ƙin sa hannu shi ne abin zargi. Baƙo yakan yi wata a gida ba wanda ya tambaye shi kuɗin cefane. A can lissafin daban ne. Kowa da ɓangarensa a firij, wani har da suna a jikin roba. Idan aka fita tare wani ya saya wa kowa abin sha, ko lemo kake sha, ana sa ran zagaye zai zo kanka kai ma ka saya. Idan abokin karatu yana ɗaukar ka a mota kullum, ana sa ran za ka ce ga kuɗin mai, ko da zai ƙi karɓa. Ba wanda zai gaya maka wannan a fuska, a bayan ido za a ba ka ɗaya daga cikin sunayen nan. Na ga ɗalibai masu mutunci da kyauta, waɗanda a gida su ne masu ciyar da wasu, sun sami wannan tabo don kawai ba a faɗa musu ba. Maganinsa mai sauƙi ne: ka riƙa ramawa a bayyane, ka dafa shinkafa ka kira su, ka sayo abin da ya ƙare ba sai an tambaya ba.

Ka kuma sani cewa Turancinmu na Najeriya yana da nasa kalmomin, irin su awoof da longthroat da oshofree, kuma ba za a gane su a can ba sai a cikin 'yan gida.

Abu biyu game da iyakar wannan bayani. Shekarun da na ambata na lokacin da aka fara ganin kalma a rubuce ne, ita kuwa irin wannan magana takan yi shekaru a baki kafin wani ya rubuta ta, shi ya sa ka ga ina cewa "ana dangantawa" a kan skive da mooch da bum. Ka yi hattara da labaran asali masu daɗin ji da ke yawo a intanet, musamman masu cewa kalma gajarta ce ta wasu kalmomi, kamar masu cewa ligger ta fito daga haruffan farko na "least important guest". Ƙirƙira ce ta baya, kalmar ta fi kusa da wata tsohuwar kalmar karkara mai nufin kwanciya. Na biyu, nauyin kalma yana sauyawa daga gari zuwa gari da kuma tsakanin tsara da tsara, har a cikin Ingila kanta. Idan ka ji wata sabuwa a bakin abokan zamanka, ka tambayi wanda ka fi sabawa da shi ko zai iya faɗa wa mahaifiyarsa ita, ko shugabansa a wurin aiki. Amsar da zai ba ka za ta nuna maka matsayinta a garin da kake.